Lemon Inna

Shekara ashirin ke nan duk wanda wata mas'ala ta shige wa duhu a unguwar, wurin Malam yake kai ta. Har mahaifiyarsa, Inna, ta daina kiransa Dogo tun ranar da ya fara limanci, ta koma ce masa Malam kamar kowa. Jin wannan suna daga bakinta ya fi masa rawanin kansa daɗi.

Kwatsam sai wani saƙo ya bazu a wayoyi, wai akwai giya a cikin lemon kwalba. Da aka idar da la'asar, Malam ya gyara zama a barandar masallaci, ya yi gyaran murya, yana jiran a kawo masa maganar. An kawo ta kuwa, amma aka wuce shi da ita. Jama'a suka yi wa ƙanensa Auta zobe, shi da yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin lemo. Har ladan, wanda ko atishawa ba ya yi sai ya dubi Malam, yana can yana miƙa wuya.

"Ni dai a namu babu," in ji Auta. "Da hannuna nake gwadawa kullum. Hukunci kuwa ga Yaya nan, shi ne malami."

Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Wannan ladabi na Auta shi ya fi ƙona wa Malam rai. Yaron da ya goya a bayansa, ya koya masa alwala, yau shi ne zai yi masa sadakar masu tambaya? Hassada ga mai rabo taki ce, Malam ya sha faɗin haka a wa'azi, amma ran nan karin maganar ba ta yi masa magani ba.

Ya shiga gaida Inna, ya tarar da ita gaban fanka da kwalbarta mai sanyi. Tsohuwar ba ta da wani jin daɗi da ya wuce wannan kwalba ɗaya da yamma, kuma Auta ne yake cika mata firji.

"Hankalina ya kwanta, Malam," ta ce. "Auta ya ce babu komai."

Auta ya ce! Har a ɗakin Inna.

"Inna, mai tallan kaya ai ba ya kushe kayansa. Abincinsa yake karewa. Haramun ne."

Bai buɗe littafi ba, bai tambayi kowa ba, bakinsa ne kawai ya riga shi. Inna ta ajiye kwalbar tamkar ta taɓa garwashi. Washegari ta sa aka mayar wa Auta kiret ɗinsa na lemo. Da ya zo yi mata bayani, ta ce ta riga ta ji daga wurin masu ilimi. Kada mu ɓoye, Malam ya ji daɗi. Kwana huɗu yana tafiya rigarsa na cika da iska.

Rana ta biyar Inna ta aika a kira shi. Ya same ta idanu sun kumbura, tana juya wani tsohon mabuɗin kwalba mai igiya. Ya gane shi nan take. Shi ne wanda marigayi mahaifinsu yake ɗaurewa a jikin keken ɗinkinsa.

"Shekara talatin ina buɗe wa babanku lemo da wannan," ta ce. "Ranar da zai cika a asibiti ya ƙi ruwa, ya ƙi magani, sai lemo na ɗiga masa a cokali. Ashe da hannuna na sallame shi da haram a baki."

"Inna, ai wanda bai sani ba babu laifi a kansa."

Ya ɗauka ya tsallake. Sai ta share ido da bakin mayafi.

"Shi bai sani ba. Auta fa? Ya sani, ya dube ni ya yi mini ƙarya. Yau zan gaya masa, ko ya bar aikin nan, ko ya nemi wata uwar."

Fanka tana ta juyi. Malam ya tuna 'ya'yan Auta huɗu, ya dubi mabuɗin, ya ji rawanin ya yi masa nauyi. Da ya yi shiru, da shi ke nan, ya ci gaba da zama Malam har ƙarshen ranta.

"Inna," ya ce, "ban bincika ba. Ban sani ba. Haushi na ji don Auta aka tambaya."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi masa yana yaro in ya dawo da yagaggen wando. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tura masa wayarta a kan tabarma.

"Dogo, kira mini ƙanenka. Ina da tambaya."