Taku Tara

Kwana biyu Mubina, 'yata mai shekara huɗu, tana amai da gudawa. Ran na uku idanunta suka faɗa, ko kuka ba ta iya yi. Muka ɗauke ta a Keke Napep daga unguwarmu Kpakungu zuwa asibiti, aka sa mata ƙarin ruwa. Matata Kubura ta zauna da ita.

Washegari wata ma'aikaciyar lafiya, Madam Rose, ta biyo ni gida. Ta ce yara biyar aka kawo daga layinmu cikin mako guda, tana so ta ga ruwan da muke sha.

Na nuna mata rijiyata, wadda gida shida ke ɗiba. Na ce, "Madam, dubi, garau yake kamar na leda. Har alif muke sawa."

Ta ce, "Baban Mubina, alif laka yake kwantarwa. Abin da ke kashe yara ba ya jin tsoronsa."

Ta duba murfi, ta ɗaga guga daga ƙasa ta rataye. Sai ta tsaya tana kallon sabon masai.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Da ranin da ya wuce."

"Taka mini daga bakinsa zuwa rijiya. Ka ƙirga da ƙarfi."

Na taka ina ƙirgawa. Tara.

"Talatin ake so, ko fiye," in ji ta. "Ga shi kuma masai a tudu, rijiya a gangare, damina ta zauna."

Da tsohon masai ya cika, magini ya ce a haƙa sabo can bayan ɗaki. Ni na ƙi, domin wurin ya matse, duk wanda ya tsuguna sai ya fuskanci alƙibla. Wannan kusurwar ce kaɗai ta yi mini daidai. Har murna na yi.

Madam Rose ta cika 'yar kwalba da ruwan rijiyar don gwaji. "Sakamako sai jibi. Kafin nan kada kowa ya sha sai an tafasa. Wa ya ɗiba yau?"

Matar maƙwabcina Ndayako ta haihu kwana goma da suka wuce, kuma da safe na ga mahaifiyarsa ta cika jarka biyu.

Na ruga ba takalmi, na faɗa gidan ko sallama babu. Tsohuwar tana bakin ƙofa, jariri a cinya, kofi da cokali a hannu.

"Iya, kada ki ba shi!"

"Kai Ishaku, lafiya? Tun ran suna nake ɗan ɗiga masa. Zafi ake yi."

Ndayako ya fito da carbi a hannu. "Me ya sami ruwan?"

Na dubi jaririn. Leɓensa a jiƙe.

"Masaina ne," na ce. "Ɗauko shi mu tafi asibiti, sauran maganar ka yi mini a hanya."