Sunan Maigidan Rahina

A shekarar 2007 aka kawo kwamfuta ofishinmu na aikin gona a Gummi, tare da Lukman, wanda ya karanto ta. Aikinsa ya sa ta faɗi takin da kowane ƙauye ke buƙata kafin damina.

Darakta Abdulwahabu, mutum mai hangen nesa har bakin hancinsa, ya ce a jadawalin rumbun bayanan kwamfutar, kowane ƙauye a ba shi ginshiƙinsa, wato layinsa daga sama zuwa ƙasa, kuma a sa wa ginshiƙin sunan mai garin, don girmamawa. Lukman ya ce ai masu gari suna mutuwa. Darakta ya ce to sai a canza suna, me ya yi zafi?

Sai Lukman ya rubuta umarni ya ajiye a cikin rumbun: a ba shi sunan mai gari, ya nemo ginshiƙin, ya fito da adadi. In bai samu sunan ba kuwa, kada ya ɗaga wa Darakta hankali, ya rubuta sifiri kawai. Ladabi ya koya wa na'ura, Allah ya saka masa.

Ana dab da shuka mai garin Tungar Ɗorawa, ƙauyen su Lukman, ya rasu, aka naɗa Mu'awiya. Canza sunan ya faɗo kan Rahina, mai buga bayanai, wadda maigidanta ma Mu'awiya ne. Tun da aka ɗaura musu aure sunan nan bai fito bakinta ba, balle yatsunta. Ta rubuta MaiSunanMaigida, ta tashi salla.

Umarni ya nemi Mu'awiya bai gan shi ba, ya rubuta sifiri cikin ladabi. Motocin taki suka watse, har Anka da Bukkuyum, babu wadda ta kalli Tungar Ɗorawa.

Da Lukman ya gano, ya zo yana huci. Rahina ta ce, "Haba Malam, ni in rubuta sunan maigidana? Kai mi yah hana ka koya ma injin kunya?"

A ranar ya gyara umarnin, ya sa shi ya fara tambayar rumbun sunayen da ke ciki, ya yi ƙara in ya rasa. Ya yi kyau matuƙa. A sito dai ko buhun taki ɗaya bai rage ba.

Ranar Juma'a ya je gida, ya tarar da Innarsa a fadama tana duban shinkafarta da ta yi ruwan ɗorawa. Ni na kai shi a babur, kuma na ji tausayinsa. Ya fara bayani ta ɗaga hannu.

"Lukmanu, munka sai da sa don ka koyo abin ga. Yac ce ba mu noma, ko?"