Kada Kowa Ya Ɗaga Hannu

Chizuru ta jawo igiyar a hankali daga cikin rijiya har ledar da ta ɗaure ta fito tana ɗigar ruwa. Tun da guguwa ta katse wuta kwana biyar da suka wuce, a nan take ajiye allurar ciwon sugan mahaifiyarta, don babu inda ya fi nan sanyi a duk tsibirin Kobane. Ta ɗaga 'yar kwalbar ta kalli rana ta cikinta. Abin da ya rage na yau ne da na gobe da safe.

Jirgin ruwan da ke kawo magani da shinkafa sau biyu a mako ba shi da inda zai tsaya, igiyar ruwa ta cinye ginshiƙan matsayarsa ta ƙarƙashi. Nas ɗin tsibirin ta tafi birni bikin 'yarta kafin guguwar, ta maƙale a can. Kwale-kwalen masunta uku ne, biyu sun farfashe, ɗaya teku ta tafi da shi. Mutum talatin da ɗaya suka rage, da ruwa ta kowane gefe.

Mahaifinta, Genzo, shi ne mai gari. Washegarin guguwar, rediyon oba-oba na ofishinsa ya yi aiki na 'yan mintuna, aka tambaye shi daga birni halin da suke ciki. Ya ce babu wanda ya mutu, babu wanda ya ji rauni, a fara da waɗanda suka fi su shan wuya. Yana faɗa yana sunkuya wa rediyon. Chizuru ta ja hannun rigarsa, ya raɗa mata cewa za su sake tambaya, ba a buɗe baki da roƙo. Kafin su sake, batir ya mutu.

Daga nan Genzo ya buga ƙarfen gayya, kamar yadda ake yi tun zamanin kakanni bayan kowace guguwa. Kowa ya fito da tsintsiya da igiya. Aka kwashe kwanukan rufin da iska ta yage aka jera su a bayan makaranta, aka lulluɓe kowane gida da shuɗin tamfol, aka ɗaure tamau. Ran kwana na uku jirgi mai saukar ungulu ya zo. Suka taru a filin makaranta suna ɗaga masa hannu, suna sunkuyawa. Ya kewaya sau ɗaya ya nufi babban tsibirin Takane. Jiya ma ya wuce wajen ƙarfe uku, bai ko sauko ba.

Chizuru ta tarar da mahaifiyarta, Fumie, zaune a lungun ɗakin da ruwa bai jiƙa tabarmarsa ba, butar shayin sha'ir a gabanta, ta shanye ta ƙarƙaf. Leɓunanta a bushe. Ta ɗage rigarta ta miƙa cikinta, ta ce rabi ma ya isa, ai ba wani abinci take ci ba. Chizuru ta yi mata cikakkiya, ta ce akwai saura da yawa. Tsohuwar ta kalli ledar, ta kalli 'yarta, ta ce to.

"Kada ki dami babanki," in ji ta. "Gari guda ne a kansa."

A filin makaranta Chizuru ta sami mahaifinta yana nuna wa mutane inda sharar ganye ta rage. Ta jira har ya gama, sannan ta faɗa masa allurar ta kusa ƙarewa, ta kuma roƙe shi a shimfiɗa fararen zannuwan gado a fili a rubuta neman taimako. Ya ce a Takane an ce gidaje sukutum suka rushe, da wane ido za su kalli mutanen can in aka ji Kobane ta tare jirgi a hanya. Ya ce gwamnati ta san da zamansu, layi ne, zai zo kansu.

Goggo Toyo, wadda ta girme shi da shekara bakwai, ta jingina da tsintsiyarta. "Genzo, tun kana yaro haka kake. Ko ruwa ka faɗa sai ka tsaya ba kifi haƙuri."

"Yaya, ki yi shararki."

"Na share. Har ƙofar akurkin kaji na share, jirgin ma ya ga tsafta ya yaba ya wuce."

Mutane suka yi 'yar dariya suka sunkuyar da kai. Chizuru ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu a gaban jama'a ba, yau ma ba ta yi ba. Ta ce masa kawai ya raka ta kan tudu, wurin ɗakin ibada, akwai abin da take so ya duba. Ya ɗauka wani rufin ne ya yage, ya bi ta.

Matakala ɗari da wani abu ce, sun huta sau uku. Da suka kai, ta juya shi ya fuskanci gari. Shuɗayen tamfol a jere kamar an auna da igiya. Hanya fes. Katifu da zannuwan da ruwa ya jiƙa a shanye a kowane tsakar gida, sai ka ce ranar wanki. Matsayar jirgin ma daga nan lafiyarta lau, sumul har bakin ruwa. Bayan wannan sai teku, babu ko tsinke a kanta.

"Baba, da kai ne a cikin jirgin, za ka sauka?"

Ya sake duban garin. Ta ciro kwalbar daga aljihunta ta sa masa a tafin hannu. Shekara goma sha biyu matarsa na wannan allura, bai taɓa riƙe kwalbar ba. Ya ɗaga ta, ya karkata ta, ruwan ya taru a gefe ɗaya, bai kai faɗin farcensa ba. Ya tambaya in ya ƙare me zai faru. Ta faɗa masa yadda nas ta taɓa faɗa mata, ba ta rage komai ba. Ya daɗe yana kallon rufin gidansa, wanda shi da hannunsa ya ɗaure, kuma ya fi na kowa kyau.

Ƙarfe ɗaya ta wuce lokacin da ya sake buga ƙarfen gayya. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce a kwance tamfol, a dawo da kwanukan bayan makaranta a watsa su a hanya, mata su kai zannuwa fili su yi yadda Chizuru ta ce. Babu wanda ya motsa. Wani masunci ya ce aikin kwana biyu fa za a warware, kuma in aka yi ruwa fa? Genzo ya ɗauki tsani ya nufi gidansa.

Chizuru ta riƙe masa tsanin ya hau. Ya yanke ƙullin da lauje ɗaya bayan ɗaya, tamfol ɗin ya zame ya faɗo. Rabin ɗakin ya bayyana a fili, da jiƙaƙƙen bango da kwanon abincin da ba a wanke ba. Fumie ta ɗaga kai ta ga sararin sama, ta yunƙura za ta naɗe shimfiɗa.

"Bar ta haka," in ji shi daga sama.

"Mutane za su gani."

"Su gani ɗin."

Sai aka fara jin ƙarar kwano a kan hanya, gida bayan gida. Goggo Toyo ta kifar da kwandon shararta a ƙofar makaranta, ta ce rabon da ta ji daɗin aiki haka tun tana budurwa.

Kafin ƙarfe uku sun taru a gefen fili, Fumie a kan kujera, zannuwa a shimfiɗe an danne su da duwatsu. Genzo ya ce abu ɗaya ya rage, kada kowa ya ɗaga hannu, kada kowa ya sunkuya. Wannan ya fi kwance tamfol wuya. Da ƙarar ta taso daga arewa, Chizuru ta ga tsofaffi suna cusa hannuwa a hammata. Hannun Fumie ya fara tashi da kansa, Goggo Toyo ta kama shi ta danne a cinyarta.

Jirgin ya bi ta kansu, can sama, ya wuce tudu. Ƙarar ta ragu har Chizuru ta fara jin bugun ruwa a jikin duwatsu. Babu wanda ya kalli wani. Can sai ƙarar ta sake cika, ta dawo ƙasa-ƙasa, iska ta fara ɗaga gefen zannuwan.

Genzo ya gyara wuyan rigarsa, ya kakkaɓe gwiwoyin wandonsa. Ya yi taku biyu gaba, ya tsaya, ya dawo ya koma bayan 'yarsa.

"In sun tambaya, ke za ki yi magana," ya ce. "Ni in na buɗe baki, cewa zan yi lafiya lau muke."