Famfo Yana Zuba, Babanta Yana Jira

…kuma famfon yana ta zuba, ni na kunna shi, don duk wanda ya ji ya ce wanke mata hannu nake yi. Hannun nan ya wanku tun ɗazu, har yatsun sun fara yamushewa. Yarinya 'yar shekara uku, Kumatu muke ce mata a gidan renon nan, tana tsaye kan ɗan bencin da yara ke takawa su kai ga famfo, jaka a baya, takalmin dama a ƙafar hagu. Da kanta ta saka. Mu muka koya musu haka: in ka ji muryar wanda ya zo ɗaukarka, ɗauko jaka, sa takalmi, tsaya a bakin ƙofa. Ta ji muryar babanta, ta yi abin da aka koya mata. Ni kuwa na sure ta, na shigo banɗaki, na tura sakata.

Tsoro nake ji.

Uwarta da safe — ko zama ba ta yi ba, ta damƙe min hannu, tafinta sanyi ƙalau — "Anti, don Allah kar ki ba shi ita. Na bar gidan. In ya tafi da ita, ni da ganinta har abada." Na ce takardar kotu fa? Ta ce tukuna, ba a zauna ba. Tukuna… Ni kuma da wannan bakin nawa da bai iya cewa a'a ba: to, kwantar da hankalinki. Wa ya aike ni?

A wajen horon aiki malamar har tebur take bugawa: uba uba ne, uwa uwa ce, muddin alƙali bai hana ba, ke mai reno ba ki da ikon hanawa. Ke ba kotu ba ce. Ina ta gyaɗa kai, hankalina yana kan wankin da na baro a igiya.

Shi kuma mutumin nan me ya taɓa yi min? Duk yammar da uwar ke wurin aiki shi ke zuwa, ya durƙusa ya sauya mata takalmin ƙafa, ya tambaya ko ta ci, ko ta yi barci. Lilon wajen nan ma shi ya ɗaure mana. Makon jiya, idonsa jajir — "Anti, in kin ga uwarta ta zo da akwati ki kira ni. Danginta so suke su kai min 'ya inda ƙafata ba za ta kai ba." Nan ma na ce to. To nan, to can, sai ka ce ƙadangaruwa.

Wa ke da gaskiya? Ni da aikina goge majina da sauya kunzugu, ta ina zan sani? Na duba jikinta lokacin sauya kaya, ba tabo, ba ƙwarzane. Amma kwanakin nan in ta ɗauki 'yar tsana sai ta toshe mata kunnuwa da yatsu, ta ce shiii… Muryar wa take toshe mata? Tasa? Ta uwar? Duka biyun?

Wayar shugabar gidan nan tana shiga, ba a ɗauka. Ta uwar a kashe. Kunna ta mana, baiwar Allah, ke kika ɗora min wannan kayan…

Ga muryarsa can wajen ƙofar shiga: "Baba mai gadi, lafiya dai? Sun daɗe fa." A hankali yake magana. Da ma ya ɗaga murya, da ma ya zagi wani, da na samu abin kamawa.

In na buɗe, ya riƙe hannunta, mota ta tashi — uwar ta zo ta tarar da ƙusar da ake rataye jakar babu komai — da wane idon zan kalle ta? In kuma na ƙi, ya kira 'yan sanda, ya ce wata ta riƙe masa 'ya ba da izinin kowa ba… kuma bai yi ƙarya ba. Aikin ya tafi, wannan na sani. Aikin ma da sauƙi. Yarinyar fa, a hannun wa za ta kwana? In na zaɓa ba daidai ba, wa zai dawo da ita?

Taku a baranda. Nasa ne, na san shi. Ya tsaya.

Kumatu ta ɗago, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta, leɓen ƙasa ya fara rawa.

"Anti, laifi na yi?"

A'a, 'yata, a'a… Ba ƙofar take kallo ba, ni take kallo, irin kallon da yara ke wa baƙon da ba su yarda da shi ba. Uwar tana tsoron kar ya ɓoye ta. Shi yana tsoron kar a ɓoye masa ita. Duk cikinmu ukun kuwa, wadda ta riga kowa kulle ta a ɗaki…

"Anti?" in ji shi daga waje. "Kuna ciki?"

Muna ciki. Na gaji. Hannuna yana kan sakatar, ban san me hannun zai yi ba.