Ɗan Aiken Kaka Rosaline

"Karkata shi hagu, Delbert. Hagunka nake nufi, ba nawa ba."

Gadon asibitin ya cije a ƙofar Kaka Rosaline, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Delbert ne a ciki yana ja da baya-baya, Harley, ƙanin matarsa, yana waje yana turawa yana surutu, don shi Harley ko a bakin kabari bakinsa ba ya mutuwa.

"Yau dai ga ka a ɗakin surukarka," in ji Harley. "Shekara da shekaru kana kewaye gidan nan kamar akwai maciji a ciki. Ka yi sauri ka fita kafin a shigo da ita. In kuka haɗa ido, doki ne tararka, kuma ba za mu karɓi wancan gurgun naka ba."

Delbert bai yi dariya ba. Suka samu gadon ya shige, suka ajiye shi jikin taga inda Verna, matar Delbert, ta ce. Delbert ya ɗaga kai, sai ya ga tagar tana kallon sandunan shanya nama da ke bayan gida, da 'yar hanyar da motarsa ke bi kullum. Ya fita ta ƙofar baya, daidai lokacin da ake shigo da tsohuwar ta ƙofar gaba.

Asibiti sun sallamo ta ne don ta ƙarasa a ɗakinta. Kowa ya san haka, ba wanda ya faɗa.

A duk garinmu na Stand Off, in ka cire Kaka Rosaline, ba sauran wanda ke riƙe da kunyar surukai irin ta kakanninmu. Surukan yanzu tare suke zuwa kasuwa, suna faɗa a kan wanda zai zauna gaban mota. Ita kuwa ranar da Delbert ya auri 'yarta Verna, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta aika masa cewa ita haka uwarta ta yi, haka za ta yi. Ba za ta kalle shi ba, ba zai kalle ta ba, ba za su yi magana ba, kuma wannan girmamawa ce, kada ya ɗauka ƙi ne. Ya gina gidansa kusa da nata, jifan dutse tsakaninsu, suka zauna a haka. In ya harbo barewa, cinyar farko a barandarta yake ajiyewa, ya ƙwanƙwasa ya juya baya. Duk shigowar sanyi kuma sai ya tarar da sabbin takalman fata masu adon duwatsun tsakiya a kan kujerar motarsa, daidai ƙafarsa, ita da ba ta taɓa gwada ƙafar ba.

Magana kuwa, ai sun yi ta har sun gaji, ta bakin kare. Karnuka uku suka tsufa a wannan aiki, na yanzu sunansa Kiyayo, wani baƙi mai kunne ɗaya a karye. Sai ta fito baranda ta ba gidansa baya ta ce, "Kiyayo, gaya wa mutumin nan bututun hayaƙina ya toshe." Shi kuma daga inda yake ya ce, "Kiyayo, ka ce wa mai gidan can ta daina cusa masa tsumma." Karen yana kwance tsakanin gidajen biyu yana kallon wannan, ya kalli wancan. Delbert yana son tsohuwar nan fiye da yadda ya so wasu 'yan uwansa na jini, kuma da za a ce ya zana fuskarta ba zai iya ba. Hannuwanta ya sani, da tafiyarta, da tarinta.

Abin da ke cin sa kuwa, tun safiyar da ta faɗi yake cin sa. Verna ta riga ta tafi aikinta na girki a makaranta. Shi ya tayar da a-kori-kurarsa zai je ɗauko ingirici can wajen kogi. Da ya zo wucewa ta bayan gidanta, ya hango ta da gefen ido zaune a ƙasa, ta jingina da sandar shanya nama. Wuyansa ya yi abin da ya saba, ya juya da kansa. Amma kafin ya juya ya ga abu guda: takalminta ɗaya ya fita, yana yashe can gefe a kan ciyawa mai raɓa. Kaka Rosaline ba ta zama a ƙasa da sanyin safe, kuma ba ta yar da takalmi. Ya ce wa ransa yanka nama take yi. Kiyayo ya biyo motar a guje yana haushi, yana tsalle jikin ƙofa, har bakin titi. Delbert ya sauke gilashi ya daka masa tsawa, "Koma gida, kai!"

Sai da rana ta karkata Verna ta dawo ta same ta a wurin, ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da wata maganar ake yi. Verna ta maimaita masa wannan a mota tana kuka, tana cewa laifinta ne da ba ta leƙa ta ba kafin ta fita. Ya riƙe sitiyari ya yi shiru, ya bar matarsa ta ɗauki kayan da ba nata ba. Wannan shirun ya fi safiyar kanta yi masa ciwo.

Tun daga ranar da aka dawo da ita, gidan ya cika. Delbert yana zaune a barandarsa yana faskare, yana ganin motoci suna tsayawa. Akwai matan da ta karɓi haihuwarsu a lokacin da ƙanƙara ta rufe hanya. Akwai ƙartin maza masu furfura da suka girma a kan tabarmar ɗakinta lokacin da gidajen iyayensu suka watse, kowanne yana shiga yana cire hula yana cewa "Na'a", wato Uwa a yarenmu, kamar ita ta haife shi. Ba a taɓa zaman makoki a yankin nan ba tare da tukunyarta ta kunun okonoki ba, 'ya'yan itacen da take tsinkowa a bakin kogi da bazara ta cika firiza. Ba ta jiran a kira ta. Da ta ji an yi rashi, sai a ga Kiyayo a gaba, ita a baya, tana gaya masa ya gaya wa mutumin nan tukunya ta yi mata nauyi.

Masu fitowa sukan tsaya su gaishe shi. Wata tsohuwa, ƙawarta, ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Kai kam ka yi mata. Kullum tana faɗa, ta ce duk ƙabilarmu ta Kainai ba mai suruki irin nata, bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta ba ko sau ɗaya."

Ya ce, "Haka ne, Kaka," ya ci gaba da faskare.

Karen ma ya daina zuwa wurinsa. Yana kwance ƙarƙashin gadonta, in ya fito fitsari ya kalli Delbert ya wuce. Mutum ya kai shekara sittin a duniya, ya rasa wanda yake jin kunya sai kare.

Da Verna ta shigo ɗaukar tawul ta ce numfashin Na'a ya fara canzawa, Delbert ya ajiye gatari. Ya je garke, ya wuce gurgun da Harley ke yi wa ba'a, ya sa wa jan dokinsa linzami, wanda yake hawa ranar bikin zangon da ake yi duk bazara. Ya jawo shi da rana tsaka, a gaban mutane, ya ɗaure shi a jikin barandar Kaka Rosaline.

Harley yana zaune a kan matakala da kofin shayi. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya kalli fuskar Delbert, ya rufe.

Verna ta fito. "Dokin nan fa?"

"Tara ce. Zan shiga in yi mata magana."

"Kai da Na'a? Haba Delbert, yau kuma? Ka bar ta ta tafi da abinta yadda ta riƙe shi."

"Na gan ta, Verna."

"Ka gan ta ina?"

"Da safen ranar da ta faɗi. Tana zaune jikin sanda, takalminta ya fita. Kiyayo ya bi ni har titi. Na kau da kai na wuce."

Verna ta tsaya da tawul a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce a hankali, "Ka ji ni ina cewa laifina ne."

"Na ji ki."

"Kullum ina faɗa, kana ji."

Ta matsa daga bakin ƙofa, ba don ta ba shi hanya ba, don kada jikinsa ya taɓa nata.

Ɗakin yana ƙamshin turaren ciyawa da man zafi. Matan da ke zaune suka ga wanda ya shigo, suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fita. Delbert ya cire hula. Idonsa yana kan ƙafar gadon, yana ta ƙoƙarin ɗaga shi, wuyan ya ƙi. Da ƙyar ya kai kan bargo, ya kai kan hannunta na dama da ke kwance kamar ba nata ba. Sai ya ga na hagun yana motsi. Yana lalube, yana rawa, har ya kamo bakin mayafin da ke kafaɗarta, ya ja shi sannu a hankali ya rufe fuskar. Ta ji takunsa, ta gane shi.

Ya durƙusa. Bai san da wane suna zai kira ta ba, don bai taɓa kira ba. "Na gan ki," ya ce. "Ranar nan. Na gan ki na wuce."

Mayafin yana ɗagawa yana sauka. Verna tana tsaye a bakin ƙofa. Can sai murya ta fito, a karkace, kalma tana jan kalma.

"Kiyayo."

Karen ya fito daga ƙarƙashin gado ya ɗora haɓa a kan bargo.

"Gaya wa... mutumin nan." Ta huta. "Na ji motarsa. Bakina yana aiki... lokacin. Hannun nan ma." Ta sake hutawa, har Delbert ya ɗauka ta yi barci. "Ban kira ba. Mayafi na ja."

Delbert ya kifa goshinsa a ƙarfen gadon, kuka ya ƙwace masa, irin na manya, marar sauti mai girgiza kafaɗa.

"Kiyayo," ta ƙara cewa. "Ya kwance dokin nan. Ban ga kowa ba. Zai cinye min... furanni."

Daga waje aka ji Harley ya yi wani sauti, tsakanin dariya da shaƙewa.

Washegari da hantsi ta cika, 'ya'yanta da waɗanda ta raina suna kewaye da ita, Delbert yana barandarsa inda ya kamata ya kasance.

Zauren taro bai ɗauki mutanen da suka zo makokinta ba. Mata suka buɗe firizarta suka dama kunun da okonokin da ta tsinko da hannunta, kowa ya sha ya ce bai yi kamar nata ba. Da aka jera layin bankwana, Delbert ya shiga sanye da takalman da ta ɗinka masa bara. Yana matsowa, Harley ya raɗa masa, ba wasa a muryarsa, "Yanzu kam kana iya dubawa. Ba wanda zai ce komai." Delbert ya isa gaban akwatin. Ya ga hannuwanta a harɗe, da tabon wuƙa a babban yatsa. Ya dafa bakin akwatin, ya juya fuskarsa bango, ya ɗan tsaya, ya wuce.

Tsohuwar ta yafe masa, ta ma raba laifin biyu ta ɗauki rabi ta tafi da shi. Saura Verna. Tun maganar baranda ba ta sake ce masa uffan ba. Bayan an binne ta, ta kwashi kayan sawarta ta koma gidan uwarta, wai tana gyara kaya. Yana ganin hayaƙi yana fita daga bututun da ya sha gyarawa. Yana dafa wa kansa abin da ya iya, yana ci a tsaye. Bai je ya ƙwanƙwasa ba, don ya san ba shi da bakin roƙo. Kowace safiya dai yakan faskara itace ya jera a barandar can, ya juyo.

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, yana cikin kankare gilashin mota, ya ji ƙofar gidan ta buɗe. Bai ɗaga kai ba. Verna ta fito da mayafin uwarta a kafaɗa, ta tsaya ta ba shi baya, tana kallon sandunan shanya nama da suka yi fari. Kiyayo yana kwance a kan matakala. Ta daɗe a tsaye.

"Kiyayo," ta ce, muryarta a dushe. "Gaya wa mutumin nan shayi yana hucewa."

Ta koma ciki, ta bar ƙofar a buɗe. Karen ya miƙe, ya yi miƙa, ya sauko ya bi 'yar hanyar da ke tsakanin gidajen biyu, yana barin sawu a kan ƙanƙara. Ya zo ya zauna a gaban Delbert, ya ɗaga kunnensa mai lafiya yana jira.