Kujerar Shugabanni Biyu

Jonah masassaƙi ne, kuma duk wanda ya saba bin layin bayan coci a unguwar Nukkai ya san ƙarar gizagonsa. Yana ƙarami iyayensa suka taso daga wajen Zing suka zauna a Jalingo, amma a wurin kakansa ya koyi sassaƙa irin ta Mumuye. Turmi da taɓarya da ƙotar fartanya su ke ciyar da gidansa. Abin da ransa ya fi so kuwa shi ne mutum-mutumi, dogaye masu siririn wuya, hannuwansu a lanƙwashe kamar za su rungumi cikinsu. Waɗannan ba sa fita da wuri. Yakan jera su a ƙarƙashin rumfa, matarsa Dokas ta riƙa share musu jiki tana mita wai ta gaji da baƙin da ba sa amsa gaisuwa.

Wata safiya cikin damina, farar mota ta tsaya a bakin layin saboda taɓo ya hana ta shigowa. Wani saurayi ya fito yana tattare ƙafar wandonsa. Muntasir ne, ma'aikacin ofishin raya al'adu, wanda ya taɓa sayen mutum-mutumi biyu a hannun Jonah. Ya durƙusa ya gaida shi, ya sha ruwan da Dokas ta kawo, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Shugaban ƙasa zai yi baƙo, in ji shi. Takwaransa ne na ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ta gabas, tsohon abokinsa, wanda suka daɗe suna haɗa kai a kan tsaron iyaka da kasuwanci. Ana so a ba baƙon kyauta, amma ba abin da za a sayo a kanti ba. An yanke shawarar a samo mai sana'a ɗaya daga nan, ɗaya daga can, su haɗu su yi kujera guda. Jonah zai sassaƙa, wani dattijo daga can mai suna Manga zai yi mata adon duwatsu.

Jonah ya ajiye gizago ya dube shi. "Malam Muntasir, Abuja babu masassaƙi ne, sai Nukkai?"

"Akwai su, Baba. Amma hoton aikinka na tura, shi aka zaɓa."

Dokas ta buga guɗa tun kafin mijinta ya ce ya yarda.

Jonah ya nemo gindin maɗaci wanda ya bushe sosai, aka turo masa shi a amalanke. Ya bar turame ya duƙufa a kan kujerar nan. Ya fitar da faifan zama a sama da zobe a ƙasa, a tsakaninsu mutane huɗu a tsaye, sun ɗaga hannu sun tallafi faifan. Da ya gama siffar sai ya koma ado. Ya yi wa mutanen zane a kumatu, ya zagaye gefen faifan da ganyen doya, zoben ƙasan kuma ya yi masa igiyar ruwa irin ta kogin Lamurde idan ya cika. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, shi ma ya sani. Har da yamma idan ya ci tuwo, yakan koma rumfa ya tsaya yana kallonta.

Ranar da Manga ya iso, Muntasir ne ya kawo shi. Gajeren tsoho ne mai furfura, da tabarau mai kauri da akwatin ƙarfe a hannu. An kama masa ɗaki a otal, amma da ya ga rumfar Jonah sai ya ce shi a nan zai riƙa wuni. Hausarsa ta kasuwa ce, ta Jonah ma ba ta Kano ba ce, inda magana ta ƙi sai su cike da Fulatanci. Suka gaisa, suka tambayi juna iyali da gona. Manga ya zagaya kujerar, ya shafa ta, ya jinjina kai. Sai ya buɗe akwatinsa. Cike yake da ƙananan duwatsun ado, ja da fari da shuɗi da rawaya, kowane launi a kwalbarsa. Daga ƙasan akwatin ya zaro wani yadi mai kaushi kamar buhu, ya fara gwada shi a jikin mutum na farko.

"Wannan kuma na mene ne?" Jonah ya tambaya.

Manga ya yi masa bayani cikin sakin fuska. A wurinsu, in ji shi, ana naɗe icce duka da yadi, a ɗinke, sannan a bi da duwatsu ɗaya bayan ɗaya har sai ba a ganin ko ɗigon icce. Ya ma riga ya tsara zanen damisa da zai zagaye ƙafafun.

"Duka za ka rufe shi?"

"Duka, aboki. Haka kujerar manya yake."

Jonah ya matsa kusa da kujerar. Ya dubi ganyen doyar da ya ƙare idonsa a kai, ya dubi yadin. Sai ya ɗauki fartanyarsa ya ce yana da aiki a gona. Muntasir ya bi shi har bakin layi yana ba shi haƙuri, ya ce laifin nasu ne, da sun haɗa su a waya tun farko da ba a kai ga haka ba. Jonah ya ce babu komai, ya wuce.

Washegari ma gona ya nufa, da jibinta. Idan ya dawo sai ya tarar da kujerar yadda ya bar ta, Manga bai taɓa ta ba. Dokas ce ke ba shi labari. Ta ce tsohon yana zuwa ya zauna a rumfa, ya ci abin da ta dafa, ya yi ta ɗaukar mutum-mutumin nan ɗaya bayan ɗaya yana juya su.

"Baban Murna," ta ce masa, "baƙo ne fa. Ya bar ƙasarsa ya zo gidanka, kai kuma ka bar masa gidan."

"In zauna in ga ana sa wa aikina riga?"

"To gaya masa mana. Gonar ce za ta gaya masa?"

Bai kai ga yanke shawara ba, sai ga Manga da kansa a gonar da hantsi. Ɗiyarsu Murna ce ta nuna masa hanya a Keke Napep. Ya cire takalmi, ya ari fartanya, ya kama kunya ɗaya ya fara cire ciyawa. Jonah ya so ya hana shi, ya ga tsohon ya iya, sai ya ƙyale shi. Suka yi ta aiki gefe da gefe har rana ta take. Sannan suka koma gindin ɗorawa, Jonah ya tona doya ɗaya ya gasa, suka ci da manja da barkono.

Manga ne ya fara. Ya ce shi ma da baƙin ciki ya kwana. Tun da aka gaya masa aikin nan yake zaɓen duwatsu, idonsa ya yi rauni, yana jin wannan ce babbar kujerarsa ta ƙarshe, kuma yana so ya yi ta yadda ubansa ya koya masa. Masassaƙan garinsu sukan kawo masa icce fili ne, ba zane. Bai taɓa cin karo da wanda ya riga shi yin ado ba.

Jonah ya ce, "A wurinmu icce shi ne mutumin. In ka rufe fuskarsa, wa zai san shi?"

"A wurinmu kuma," Manga ya amsa, "babban mutum ba ya fita ba riga."

Jonah ya yi dariya, abin da bai yi ba tun zuwan baƙon. Daga nan maganar ta yi sauƙi. Suka share ƙasa da tafin hannu, suka zana kujerar da tsinke, suna gogewa suna sakewa. Manga ya ce zai bar mutanen huɗu a fili, ba zai taɓa fuskarsu ba, sai dai ya sa musu sarƙa a wuya da ɗamara a ƙugu. Damisar tasa ke nan ta tafi. Amma faifan sama da zoben ƙasa yana bukatarsu sumul, don yadi ba ya kwanciya a kan zane.

Jonah ya dubi zanen da ke ƙasa. Ganyen doyar ya fi komai ba shi wahala.

"To," ya ce. "Ni zan goge da hannuna. Amma ka mayar mini da ganyen da duwatsunka."

"Ban taɓa yin ganyen doya ba."

Jonah ya miƙa hannu ya tsinko ɗaya daga kunyar da ke kusa ya ba shi.

Da suka koma gida Jonah ya wasa wuƙarsa ya kankare gefen faifan da zoben. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba, Manga kuma ya riƙe masa kujerar kada ta motsa. Daga ranar rumfar ta zama ta mutum biyu. Manga yana ɗinki, Jonah yana shafa wa mutanen man kaɗanya har suka yi baƙi suna sheƙi. Idan idon tsohon ya gaji, Dokas ce ke zura masa zare a allura, tun tana zurawa har ta fara jera duwatsun da kanta. Maƙwabta suka riƙa leƙowa. Wani mai turare daga Yelwa, da ake ce wa Maiturare, ya zo saya wa matarsa taɓarya ya ɓata rabin wuni yana gardama da Manga a kan ko shuɗi ya fi dacewa da ruwa ko fari. A ƙarshe aka sa duka biyun.

Muntasir ya zo da saƙo daga sama cewa ana so a saka tutocin ƙasashen biyu. Ya ga yadda aikin ya tafi, ya ga tsofaffin ba su so ba, sai ya ce su ba shi lokaci. Ya ɗauki hotuna ya tura, ya yi ta waya yana kai da kawo a bakin layi. Da ya dawo ya ce an yarda, tutocin za su hau kan akwatin da za a saka kujerar.

Ranar da aka zo ɗaukarta, Jonah ya tsaya a kan a naɗe ta da zanen Dokas kafin a sa ta a akwati. Faifan ya fito da korayen ganye a kan ja, zoben ƙasa yana walƙiya shuɗi da fari, mutanen huɗu kuma baƙaƙe, a tsaye da sarƙoƙinsu. Ba irin kujerar Mumuye ba ce, ba kuma irin ta mutanen Manga ba. Jonah ya kasa cewa ta fi yadda ya fara yin ta kyau, amma ya san ba zai iya yin irinta shi kaɗai ba.

An gayyace su Abuja, Jonah ya ce doyarsa ta isa haƙa, Manga kuma ya ce in abokinsa ba ya zuwa shi ma ba ya zuwa. Don haka a tsakar gidan Jonah suka kalli bikin, an fito da talabijin an ɗora a kan turmi, mutanen layi sun cika wurin da la'asar. Aka yi ta jawabai a kan hanyoyi da kasuwannin iyaka, yara suka fara hamma. Can sai aka buɗe akwatin. Shugaban ƙasa ya faɗi sunan Jonah da na Manga, ya ce a Jalingo aka yi kujerar. Tsakar gidan ta kaure da ihu har ba a ji sauran maganar ba.

Baƙon shugaban ya sunkuya ya shafa fuskar ɗaya daga mutanen kujerar, ya bi ganyen da yatsa. Sai ya tattara rigarsa ya zauna a kai. Jami'an da ke bayansa suka dubi juna. Ya ɗan girgiza jikinsa ya gwada ƙarfinta, ya ce wani abu, shugabannin biyu suka fashe da dariya, sannan ya tashi ya jawo hannun abokinsa shi ma ya zauna.

Jonah bai ɗauke ido daga kujerar ba har sai da na biyun ya miƙe. Duk su biyun manyan mutane ne masu jiki.

"Bai karye ba," ya ce.

"Duwatsuna ma ko ɗaya bai faɗi ba," in ji Manga yana goge tabarau.

Manga ya ƙara kwanaki ya taya su haƙar doya. Da zai tafi aka cika masa buhu, Dokas ta haɗa masa da yaji da daddawa, shi kuma ya bar mata sauran kwalaben da allurai. A tasha ya kama hannun Jonah ya ce jikarsa za ta yi aure bayan Kirsimeti, yana so ya gan su can, su duka.

"Ban da fasfo," in ji Jonah.

Muntasir, wanda ya kawo su a mota, ya ce wannan nasa ne, Baba ya shirya ranar Litinin su je a ɗauki hoto. Dokas ta ce ita ma da ita, kuma sai an ɗinka mata sabon zane. A hanyar komawa Nukkai ita da Murna suka yi ta shawarar launi, Jonah yana gaban mota yana tambayar Muntasir ko a can ma ana samun maɗaci.