Babu Buyiswa a Gidan Nan

Nosakhele ba ta yi nisa a karatu ba, ni kuma idona ya soma gajiya, amma idan muka haɗu mu biyu da tabarau ɗaya muna karanta saƙon waya. Haka muke yi duk farkon wata. Sai ta zo ƙofata da jan katin nan da aka ba ta ranar da ta yi rajistar neman gidan gwamnati, a naɗe cikin leda. Ni kuwa na daɗe da haddace lambarta, sai in tura wa ofishin gidaje, mu zauna shan shayi kafin amsa ta shigo. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: tana cikin layi, a ci gaba da jira.

"Yau ma sun gaishe ki," nakan ce mata.

"Ina amsawa. Ki ce musu tsohuwar tana nan, ba ta mutu ba."

Mu biyun a bayan gidan Tata Mabandla, wato Baba Mabandla, muke haya a unguwar Gugulethu, kowa da ɗakinta na langa-langa. Ita ta riga ni zuwa da daɗewa. Tun bayan zaɓen farko da muka jefa ƙuri'a, da mulkin wariyar launin fata ya faɗi, suka yi rajista ita da mijinta, lokacin yana aikin dako a tashar jiragen ruwa. Shi ya rasu yana jira, ɗansu ɗaya ya bi shi, ita ta ci gaba da soya fanke a tashar mota tana jira musu su ukun.

To bana sai Sivuyile, ɗan Tata Mabandla, ya sa aka sauke bulo a tsakar gida. Ɗakunan haya zai gina wa ɗalibai. Yaron bai yi mana rashin kunya ba, har hularsa ya cire, amma ya ce kafin Kirsimeti yana son filin. Ni ina da ɗiya a garin Mthatha da ta daɗe tana kirana. Nosakhele ba ta da kowa sai jan katin nan.

Shi ya sa a watan nan ba ta ko taɓa shayin ba. Wayar ta yi ƙara, na gyara tabarau, sai na ga saƙon ya fi na kullum tsawo.

"Me suka ce, Nozukile?"

"Wai an neme ki ba a same ki ba. Ki zo ofis."

"Ni? Ina na je? Ko asibiti ban kwana ba."

"Ai tunda suka neme ki, wani abu ne ya fito, Sisi. Ba a neman mutum haka kawai."

Sai na ga tana gyara ɗankwali da hannu biyu kamar baƙi za su shigo.

Washegari muka shiga mota. Ana yayyafin nan namu na lokacin sanyi mai shiga ƙashi, layin kuma har waje. Wani tsoho a gabanmu ya ce shi da gashinsa baƙi ya shiga layin nan, yanzu ko gashin babu. Wata ta ce masa ya gode wa Allah, ita da haƙora ta shigo. Muka yi dariya, Nosakhele ta kwance fanke ta raba musu. A ƙofa aka karɓi katunan shaida aka ce mu zauna a benci, za a kira suna.

Can sai muka ji wata yarinya daga bayan gilashi ta ce, "Buyiswa Tyali."

Na waiga ina duban wace ce za ta tashi. Ba wanda ya motsa. Yarinyar ta sake kira. Sai na ga Nosakhele ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali.

"Ina za ki? Ba mu aka kira ba."

"Ni ce," ta ce, tana jin kunya kamar an kama ta da abin wani.

Kun san dai yadda muke yi. Ranar da aka kai mace gidan miji, a yanka akuya, a ɗaura mata baƙin ɗankwali, surukai su raɗa mata sabon suna, na gidan ubanta kuma ya kwanta. Ita Nosakhele suka ce, wato mai gina mana gida. Aurensu na gargajiya ne, na sadakin shanu, ba su je kotu ba, don haka katin shaidarta bai san da mijin ba, balle sunan da uwarsa ta ba ta. Shekara da shekaru muna cin abinci kwano ɗaya, ban taɓa jin Buyiswa a bakin kowa ba.

Yarinyar ofis mai hankali ce, da dogayen farata jajaye. Ta daɗe tana duban na'urarta.

"Mama, gidanki ya fito tun bara."

Nosakhele ta riƙe hannuna.

"A sabbin gidajen nan na hanyar filin jirgi. Ɗaki biyu. Mun kira lambar da ke cikin takardunki, ba ta shiga."

"Ta maigidana ce. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Sai aka tura ma'aikata gidan da kike, don su tabbatar kina raye. Ga abin da suka rubuta: mai gidan ya ce babu mai wannan suna a gidansa, bai taɓa jin ta ba."

Na ce, "To, 'yar nan, duk wata muna turo lambarta kuna amsawa. Matacce ne yake turo saƙo?"

"Makhulu, kakata, na'ura ce take amsa muku, ba mutum ba. Sai kwanan nan aka shigar mata da rahoton."

"To ga ta a gabanki da ranta. A ba ta gidanta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "An ba na bayanta. Sun shiga."

Nosakhele ta tambaya a hankali ko ƙofar gidan tana kallon gabas ne. Yarinyar ta ce ba ta sani ba. Ta ce za ta mayar da sunanta, har ma ta sa ta cikin jerin tsofaffi.

Nosakhele ta ce, "Shi ma layi ne?"

"Layi ne, Mama."

"Wanda ke wajen nan mai sanƙo, yana ciki?"

"Yana ciki."

Da muka dawo mun tarar da Tata Mabandla a kan kujerarsa a bakin ƙofa, ya rufe gwiwa da bargo. Ni na yi niyyar ɗaga murya, Nosakhele ta matsa mini hannu. Ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta ce, "Tata, bara wasu sun zo da rigunan ma'aikata suna neman wata?"

Ya yi ɗan tunani. "Sun zo. Ranar Alhamis ce, kuna can taron addu'arku na mata. Wata Buyiswa suke nema. Na ce musu a nan Nosakhele gare ni da Nozukile, su gwada layin baya. Har shayi na yi musu tayi."

"Ni ce Buyiswa, Tata."

Tsohon ya dube ta. Ya ce, "'Yata, ai da bakin mijinki ya kawo ki nan ya ce ga Nosakhele." Ta ce haka ne. Ya ce zai yi wa Sivuyile magana. Duk mun san wanda ya sayi bulon, kuma ba tsohon ba ne.

Ranar ba ta je tasha ba. Da rana ta ɗan leƙo sai na ji tana tambayar magina ko suna da ragowar fenti. Suka ba ta fari a gindin gwangwani. Ta tsaya gaban ƙofarta da tsinken buroshi, ta kira ni in faɗa mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, don kada ta yi kuskure. BUYISWA TYALI, manya-manya, fentin yana zuba kamar hawaye saboda danshi.

Na ce, "Sisi, ɗakin nan fa kwance shi za a yi."

"Ƙofar tawa ce, maigidana ya saya. Da ita zan tafi."

"Ki tafi da ita ina?"

Ta ja da baya tana duban rubutun, ta goge hannu da zaninta.

Farkon watan da ya biyo baya ta zo da katinta a leda kamar kullum. Bulon Sivuyile ya kai taga. Na tura lambar, muka jira. Tana cikin layi, a ci gaba da jira.

"Sun gaishe ki, Buyiswa," na ce.

Ta ɗan daɗe kafin ta gane da ita nake.